Da me ƙungiyar da ba ta neman riba za ta auna aikinta?

Sakataren Ƙungiya:

Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar ci gaban gari a jihar Jigawa, wadda babban aikinta shi ne haƙa rijiyoyin burtsatse da sanya famfunan tuƙa-tuƙa a ƙauyukan da ke kewaye da mu, da kuɗin da 'yan gari mazauna Kano da Abuja da Legas suke tarawa. Duk shekara muna gabatar da rahoto a taron bayan Babbar Sallah, mu faɗi yawan rijiyoyin da aka haƙa da abin da aka kashe, haɗe da rasit da hotunan bikin buɗewa. A bana wani dattijo daga cikin manyan masu ba mu gudummawa ya ce duk wannan lissafin abin da muka yi ne, shi kuwa so yake ya san abin da ya sauya a rayuwar mutanen ƙauyukan. Ɗan kasuwa ribarsa yake dubawa ya san inda ya dosa, to mu da ba riba muke nema ba, da me za mu auna kanmu?

Tsohon Jami'in Lafiya:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Tambayar dattijon nan tana kan hanya, kuma yaƙin da aka yi da kurkunu ya isa amsa. A 1986, lokacin da Cibiyar Carter, ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, ta shiga aikin, an ƙiyasta cewa mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da cutar duk shekara a Afirka da Asiya, binciken da aka bi ƙauye-ƙauye aka yi a Najeriya daga 1988 zuwa 1989 kuma ya gano sama da mutum 650,000. An haƙa rijiyoyi, an raba ƙyallen tace ruwa, Janar Yakubu Gowon da kansa ya yi ta zagaya ƙauyuka, amma ba da yawan rijiyoyi ko ƙyalle aka auna nasara ba. Adadi ɗaya aka riƙe, wato mutum nawa ne kurkunu ya fito musu a wannan watan, kuma 'yan sa-kai na cikin ƙauyen ne suke kawo rahoton. Da wannan adadin aka san cewa a 2008 aka samu mutum na ƙarshe mai cutar a Najeriya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya da Nijar sun rabu da cutar.

A naku aikin, abu na farko shi ne ko ruwa yana fitowa shekara ɗaya ko biyu bayan an watse daga bikin buɗewa, domin famfon da ya lalace yana nan cikin rahotonku a matsayin nasara, alhali mutane sun koma kududdufi. Na biyu shi ne lokacin da ɗebo ruwa yake ci. Ma'aunin da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya suke amfani da shi shi ne kada zuwa da bin layi da dawowa su wuce minti 30. Ku rubuta waɗannan tun kafin injin haƙa ya iso, in ba haka ba babu abin da za ku kwatanta da shi daga baya.

Malama Mai Koyar da Tattalin Arziki:

Ina goyon bayan babanmu jami'in lafiya, sai dai kwatanta kafin aiki da bayansa kaɗai yana iya yaudarar mutum. Idan gudawa ta ragu a ƙauye bayan kun haƙa rijiya, mai yiwuwa rijiyar ce, mai yiwuwa kuma damina ce ta wuce ko an buɗe asibitin sha-ka-tafi a kusa. Wannan ne ya sa masana suke kwatanta inda aka yi aiki da inda ba a riga an yi ba. A yankin Busia da ke yammacin Kenya, an raba littattafan karatu a wasu makarantu aka bar wasu, sai aka ga cewa ɗalibai masu ƙoƙari ne kawai makinsu ya ƙaru, saura kuwa ba su motsa ba. A yankin dai, masana tattalin arziki Michael Kremer da Edward Miguel sun nuna a 2004 cewa maganin tsutsar ciki mai arha ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Irin wannan bincike ne ya sa aka ba Kremer da Esther Duflo da Abhijit Banerjee kyautar Nobel a 2019.

Ba na cewa ku yi irin wannan, domin ya fi ƙarfin aljihun ƙungiyar gari. Amma tunda ba za ku iya haƙa wa kowane ƙauye a shekara ɗaya ba, ku tattara bayanai iri ɗaya a ƙauyukan da ke jiran layi, su zame muku abin kwatance. Shawarata kuma ita ce ku ƙyale ƙidayar cututtuka, domin tana da wuyar yi daidai, ku tsaya a kan lokaci da nisa da kuɗin da gida ke biyan 'yan garuwa a mako.

Ma'ajin Wata Ƙungiya a Katsina:

Akwai abin da ba a taɓo ba, wato wanda zai biya kuɗin awon. Komawa ƙauye duba famfo yana cin mai da alawus, masu gudummawar da ke neman ganin sakamako kuma su ne suke tsuke fuska idan suka ga kuɗin gudanarwa a cikin rahoto. Ko a Amurka sai da cibiyoyin da ke bibiyar ayyukan ƙungiyoyin agaji, wato GuideStar da Charity Navigator da wata takwararsu, suka fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa a 2013, suna roƙon jama'a su daina auna ƙungiya da ƙarancin abin da take kashewa a ofis. Ku nemi dattijon nan ya amince a fili, a gaban taro, cewa za a ware wani kaso domin bibiya da gyara. Rahoton shekara da ake kai wa Hukumar Rajistar Kamfanoni da sa hannun odita suna nuna cewa ba a ci kuɗi ba ne kawai, ba su nuna an sha ruwa ba.

Sannan ku kula da wanda kuke aikawa. Mutanenmu suna da kara, ba za su dubi idon wanda ya haƙa musu rijiya a gaban mai unguwa su ce ruwan yana da gishiri ko layi ya yi tsawo ba. Ku aika wanda ba ɗan kwamiti ba, a samu mace ta shiga cikin gidaje ta tambayi mata, a kuma tambayi yaran da ke ɗebo ruwan.

Sakataren Ƙungiya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Idan adadi ɗaya kawai za mu iya riƙewa a bana, wanne za mu ɗauka?

Tsohon Jami'in Lafiya:

Ku ɗauki yawan kwanakin da kowane famfo ya yi ba ya ba da ruwa a cikin wata. Ku ba wani amintacce a kowane ƙauye littafi ya riƙa rubuta ranar da famfon ya tsaya da ranar da aka gyara shi, ya kuma sanar da ku ta waya a ƙarshen kowane wata.