An sace motata, kamfanin inshora kuma sai ja min rai yake

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, ko wani lauya a cikinmu.

An sace min Ford Mustang a Abuja, a bakin wani ɗakin biki. Cikakkiyar inshora gare ni, wadda ta haɗa da sata, ba irin ta naira 15,000 da ake yi saboda 'yan sandan hanya ba. Na kai rahoto caji ofis, na karɓi takarda, na miƙa wa kamfanin makullai biyu da takardun kwastan.

Inda gizo ke saƙar shi ne na'urar bin sawu. Sun ce ta daina aiko sigina kafin ranar satar, don haka na karya sharaɗi. To amma su ne suka turo wanda ya ɗaura ta, rasit ɗinsa na nan a aljihun fayil ɗina, har da hatimi. Yanzu sun ce za su "taimaka" su biya wani kaso, in sa hannu cewa magana ta ƙare. Kuɗin ma kan tsohon farashi suka lissafa, alhali tun da naira ta faɗi a 2023 ba ya sayen ko rabin irin motar.

In na sa hannu, na rufe ƙofar kotu ke nan? In fara da kai ƙorafi NAICOM (hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya) ne, ko in tafi wurin lauya kai tsaye? Kuma in aka gano motar bayan sun biya, ta wa ce?

Allah ya saka da alheri.