Zuwa taro a Jami'ar Ahmadu Bello: wace hanya kuka bi, ina kuka sauka?

Ɗaliba daga Abuja:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena. An karɓi takardata a wani taron ƙara wa juna sani da za a yi a Zariya cikin watan Janairu, ni kuma ban taɓa taka garin ba. Ni kaɗai zan taso. Don Allah waɗanda suka saba zuwa a ba ni haske.

Tsohon Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa albarka. Kafin komai, duba takardar gayyatar ki ga wace haraba aka rubuta, don jami'ar ba wuri guda take ba. Babbar harabar tana Samaru, kan hanyar Funtuwa. Tsangayar shari'a da ta harkokin mulki suna Kongo, wajen Tudun Wada, asibitin koyarwa kuma yana Shika. Na taɓa tarar da wani baƙo a bakin ƙofar Kongo riƙe da jakar kwamfuta yana neman zauren da ke Samaru, saura minti kaɗan a kira sunansa. Mai keke bai yi masa ƙarya ba, jami'a ya ce, jami'a aka kai shi. Motar Kaduna za ta ajiye ki a Kwangila. Daga nan ki hau bas ko keke, ki wuce Hanwa da Palladan, inda kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take, ki ce a sauke ki a babbar ƙofa.

Dakta Mai Jirgi:
Ni dai jirgin ƙasa nake bi, in hau a Idu ko Kubwa, in sauka Rigasa. Tun da aka dawo da shi a Disambar 2022, bayan harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris na shekarar, ba a sayar da tikiti sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, don haka ki saya ta intanet da wuri, kuma na safe. Dalili kuwa, Rigasa ba ƙarshen tafiya ba ce. Sai kin ratsa cunkoson Kaduna zuwa tashar Kawo, ki jira mota ta cika, sannan a yi kusan kilomita 80 zuwa Zariya. Wanda ya hau jirgin yamma, a Kaduna ya kamata ya kwana. Kuma ki shiga cikin tasha, inda za a rubuta sunanki da lambar wani naki a takardar fasinjoji. Masu tsayawa a bakin titi suna kiran "Zariya, mutum ɗaya" sun fi araha, amma ba wanda ya san su.

Ɗan Gidan Direba:
Ranka ya daɗe Dakta, mota ma ba laifi in an yi sammako. Bayan asuba nake tashi, azahar a Zariya take samuna, sai dai in aikin hanya ya riƙe mu. Abin da ba na yi shi ne tafiyar bayan la'asar.

Malamar Adabi daga Sakkwato:
'Yata, maza sun gama da hanya, bari in yi miki maganar ɗaki. Ki kira kwamitin shirya taron su ba ki sunan masaukin da suka amince da shi, ki kama tun yanzu, don ranar buɗe taro komai ya cika. Kafin ki biya kuɗi ki shiga ɗakin da kanki: murɗa famfo, gwada sakata, tambayi ƙarfe nawa ake kashe janareta. A wani masauki da na sauka, sha ɗayan dare aka kashe, na ƙarasa gyaran takardata da fitilar waya. Sannan Janairu a Samaru ba wasa ba ne. Sanyin asuba har cikin ƙashi, ga hazo mai tsaga leɓe. Ki zo da rigar sanyi, man shafawa da takunkumi, ki kuma roƙi ruwan zafi tun da dare. Idan an tashi liyafar dare, ki bi motar da masu taro suka tanada, ko ku haɗu ku uku ku ɗauki keke guda.

Baƙo daga Damagaram:
Ga 'yan'uwa masu zuwa daga Nijar: ku buɗe wa layinku na waya damar aiki a ƙetare tun daga gida. Ni a Wapa nake canza sefa idan na iso Kano, sannan in nufi Unguwa Uku in hau motar Zariya. Takardar gayyata a buga ta, a shingayen hanya tana rage dogon bayani.

Dakta Mai Jirgi:
Ƙari kaɗan. Ki riƙe tsabar kuɗi ƙanana, mai keke ba zai jira taransifa ba. Kowane rasit ki adana, na tikiti da na ɗaki da na rajista, ko da makarantarku za ta mayar miki da kuɗin. Lambar gaggawa 112 ce.

Ɗaliba daga Abuja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, Samaru ce. Mama, ranar rufewa an sa ƙarfe huɗu, zan iya kamo hanya a ranar?

Malamar Adabi daga Sakkwato:
Huɗun takarda ce wannan, kafin a gama jawabin godiya da rabon shaida an kira magariba. Biya kuɗin kwana ɗaya ki ƙara.