Wanda ya san unguwar Bijlmer a Amsterdam dan Allah ya ba ni shawara

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Holan. Allah ya nufa na samu gurbin digiri na uku a babban asibitin jami'a da ke kudu maso gabashin Amsterdam, in sha Allahu zan taho nan ba da jimawa ba, iyali kuma (uwargida da yara biyu, ɗaya shekara shida ɗaya uku) za su biyo ni in takardunsu sun fito. Damuwata ita ce gida. An haɗa ni da wani mutum a Bijlmer yana da ɗaki a hawa na bakwai, yuro 650 a wata har da wuta da ruwa, amma ya ce sharaɗinsa ba zan yi rajistar sunana a adireshin ba, kuma in turo kuɗin wata uku kafin in iso. Ga shi kuma wani da ya yi karatu a can ya ce min unguwar ba ta da kyau, wai 'yan ƙwaya da ɓarayi, in nemi wani waje. Gsky kaina ya kulle. Unguwar tana zaunuwa da iyali? Su waye ma ke zaune a cikinta? Kuma wannan maganar rajista mene ne hatsarinta?

Alhaji_Zango:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka a karatun. Ni mutumin zangon Kumasi ne, ina unguwar nan tun ƙarshen shekarun 1980, 'ya'yana duk nan aka haife su. Wanda ya ba ka labarin 'yan ƙwaya bai yi ƙarya ba amma tsohon labari ya ba ka. An fara ginin Bijlmer a 1966, mutanen farko suka tare a 1968, manyan benaye 31 masu hawa goma goma an jera su siffar saƙar zuma, gidaje wajen 13,000, motoci suna bi ta titunan da aka ɗaga sama, ƙasa kuma ciyawa da ruwa da hanyar keke. An yi shi ne domin Turawa masu matsakaicin hali su bar tsofaffin gidajen cikin gari su dawo nan, to su kuma suka ƙi zuwa, sun fi son ɗan gida mai lambu a garuruwa irin su Purmerend daga baya kuma Almere, ga shi jirgin ƙasan metro bai iso ba sai 1977, shaguna babu, haya da tsada. Gidaje suka zauna wayam. Da Suriname ta samu 'yancin kai daga Holan a 1975 dubban mutanenta suka taho Holan, cikin gari masu gida ba sa ba baƙin mutum haya, nan kuwa ƙofa a buɗe, su suka fara cika unguwar, sai mutanen tsibiran Antilles na yankin Caribbean, sai mu 'yan Ghana muka biyo, sannan 'yan Najeriya da sauransu.

Lokacin da na zo wallahi akwai wahala. Dogayen barandun cikin benaye da garejin motoci masu hawa hawa 'yan ƙwaya ne ke kwana a ciki, lif ya lalace ya yi kwanaki ba gyara, mace ba ta sauka ita kaɗai bayan isha'i. Sai kuma ranar 4 ga Oktoba 1992 da magariba jirgin dakon kaya na El Al ya faɗo a kan benayen Groeneveen da Klein-Kruitberg. Hukuma ta ƙirga mutum 43 da suka rasu, amma mu da muke nan har yau zuciyarmu ba ta kwanta da wannan lissafin ba, saboda mun san akwai masu kwana a gidajen nan da sunansu ba ya cikin littafin kowa, ba takarda ba rajista, wa zai je ya ce ɗan uwansa ya ɓace alhali shi ma a ɓoye yake? Shi ya sa in na ji an ce wa yaro ka zauna amma kada ka yi rajista jikina ke yin sanyi. Kada ka yarda ɗana.

Daga 1992 ɗin nan aka shiga rushe benaye, wajen rabin gidajen sun tafi, aka gina ƙananan gidaje masu ƙofa a bakin titi, aka sauke wasu titunan ƙasa, aka rushe garejojin. Yanzu ni da tsufana ina dawowa daga masallacin Taibah a Kraaiennest da dare a ƙafa ba abin da ke damuna. Akwai yara marasa ji da rikicinsu na wuƙa lokaci lokaci, ba zan ɓoye maka ba, amma tsakaninsu ne, kuma wace unguwa ce a Amsterdam babu su.

Sadiq_020:
Baba Alhaji ya gama magana kan tarihi, bari in ƙara kan rajistar don ita ce za ta iya ɓata maka komai. Duk wanda zai zauna a ƙasar nan sama da wata huɗu dole ya je ƙaramar hukuma ya yi rajista a adireshin da yake kwana, a nan ake ba ka lambar BSN, wato lambar shaidarka a wajen hukuma, kuma lambar nan ita ce komai, albashi, inshorar lafiya (wadda dole ce), asusun banki, kuɗin tallafin yara, duk da ita ake yi. Kuma in iyali sun iso su ma a adireshinka za a rubuta su, to a ina za ka rubuta su in kai kanka ba ka da adireshi? Dalilin da mutumin ya hana ka kusan ko da yaushe ɗaya ne cikin biyu: ko gidan na kamfanonin gidajen talakawa ne irin wanda haramun ne ka ba wani haya ba da izini ba, ko kuma yana karɓar tallafin gwamnati da za a rage masa in aka ga ƙarin mutum a gidan. Ran da aka gano shi zai rasa gidan, kai kuma jakarka a waje cikin sanyi ba ka da takardar da za ka nuna ma kowa.

Kuɗin wata uku kafin ka ga ɗaki kuwa wlh kar ka tura ko sisi. Tun Yulin 2023 doka ta hana mai gida karɓar kuɗin ajiya sama da hayar wata biyu, kuma damfarar ɗaki a Facebook ta yi yawa, an sha turo wa mutane hoton gida mai kyau su iso su tarar babu shi. Ka rubuta wa ofishin jami'arka mai kula da baƙin ma'aikata tun yau, galibi suna da ɗakunan da suke riƙe wa 'yan digiri na uku na shekarar farko, da kwantiragi da rajista. In kana da shakka kan wata kwantiragi akwai wata ƙungiya mai suna !WOON, suna duba wa masu haya kyauta.

Abin da ban yarda da shi ba kawai shi ne a ɗauka Bijlmer wajen araha ne har yanzu. Da ne. Gidan talakawa ta shafin intanet na WoningNet ake nema kuma jiran a Amsterdam ya haura shekara goma, ni da aka haifa a K-buurt, wani sashe na Bijlmer, har yanzu ina gidan iyayena. Benen Kleiburg da aka so rushewa aka sayar da gidajensa da arha mutane su gyara da kansu, ya ci babbar lambar yabon gine-gine ta Turai a 2017, yanzu je ka tambayi kuɗin gida a cikinsa. Sababbin benaye na ta tashi wajen filin ƙwallon Ajax da unguwar Holendrecht amma ba don mu ake gina su ba, hayarsu albashin mutum ɗaya ba ya ɗauka. Iyayenmu suka zauna a unguwar lokacin da kowa ke gudunta, yanzu ta gyaru 'ya'yansu sai Almere ko Lelystad. Wannan abin yana ci min rai sosai.

Maman_Yusra:
Malam barka da samun wannan dama. Ni kam ta ɓangaren uwargida zan yi magana tunda ita za ta wuni a unguwar kai kana asibiti. Gsky in dai a Holan za ka ajiye mace Bahaushiya da yara ban san inda ya kai nan sauƙi ba. Mutum wajen dubu casa'in ne a gundumar gaba ɗaya daga ƙasashe sama da ɗari, baƙar fata ba abin kallo ba ce, hijabi ma haka. Kasuwar Ganzenhoef da ta Kraaiennest da ta dandalin Anton de Kom za ta samu doya, filanten, kuɓewa, attaruhu, manja, busasshen kifi, garin rogo, naman halal kuwa shagunan 'yan Maroko da Turkiyya da 'yan Suriname sun wadata. Kuka da daddawa dai ku taho da abinku da yawa, ana samu a shagunan 'yan Ghana amma ba kullum ba kuma da tsada.

Mai shekara shida makaranta dole ce a kansa, nan daga shekara biyar ake tilastawa amma kusan kowa tun huɗu yake kai ɗansa, kuma kyauta ce, za a fara sa shi ajin koyon yaren ƙasar kafin ya shiga cikin sauran. Ƙaramin a nema masa wajen renon share fage don kunnensa ya saba da yaren. Abin da nake jan kunnen kowa a kai shi ne ƙarshen firamare, wajen shekara goma sha biyu malamai ke yanke wace irin sakandare yaro zai shiga, mai kai wa jami'a ko ta koyon sana'a, kuma an daɗe ana kokawa cewa 'ya'yan baƙi ana sa su ƙasa da iyawarsu. Ku dinga zuwa taron iyaye ku biyu, ku yi tambaya, kada kunya ta hana.

Abin da zai fi ba ta wuya ba mutane ba ne, duhun hunturu ne. A Disamba ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi, ga iska ga yayyafi, in ba ta da ƙawaye kaɗaici zai kama ta a cikin bene. Da bazara kuwa har goman dare da haske, yara na filin shaƙatawa na Nelson Mandela, ana bikin Kwaku a nan a wasu ƙarshen mako na Yuli da Agusta, wanda ya faro tun 1975 daga gasar ƙwallon yaran unguwa. Ta koyi keke in ba ta iya ba, ni ma da girmana na koya, hanyoyin keken nan ba sa haɗuwa da mota sosai. In sun iso ka yi min magana in haɗa ta da matan da muke karatun Asabar tare.

Abu_Hanan:
Allah ya saka muku da alheri, Baba Alhaji Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Na gaya wa mutumin na fasa, na kuma rubuta wa ofishin jami'a yanzun nan. Sadiq in ɗakin da suka ba ni na mutum ɗaya ne ya zan yi in iyali sun zo?

Sadiq_020:
Ka karɓa tukuna ka yi rajista, ranar da ka samu BSN ka buɗe WoningNet don lissafin jiranka ya fara tafiya ko da ba yanzu zai amfane ka ba. Gidan iyali kuma ka fara nema tun watan farko da kwantiragin aikinka a hannu, kada ka tsaya a Bijlmer kawai, ka duba Gein da Reigersbos da Diemen, har Almere ma akwai bas kai tsaye zuwa nan. Ka tambayi ofishin jami'ar tun yanzu ko suna da na masu iyali, kaɗan ne kuma da wuri ake kama su.