Musayar Waƙa: Rafin Kerit Ma Ya Ƙafe

Dattijo daga Wusasa:
Salama gare ku. Na buɗe da Farawa 22, mai baiti ya biyo ni.

Da sunan Uba nake farawa, shi ne abin yabawa,
Mai ciyar da tsuntsu ba shuka ba girbewa.
Ibrahim ya hau Moriya, zuciya na ƙonewa,
Ishaku ɗauke da itace yana tambayawa:
"Baba, ga wuta, ina ɗan ragon miƙawa?"
Ya ce, "Ɗana, Allah ne mai tanadarwa."
Wuƙa na sama murya ta zo da dakatarwa,
Ga rago a kurmi, ƙaho ya sarƙe ba kuɓucewa.

Mama ta Zumuntar Mata, Kafanchan:

Baba, ka buɗe Farawa, ni ma a nan zan tsaya.
Yusufu na da shekara 17 aka jefa shi rijiya,
Azurfa 20 kuɗinsa, yayyensa suka koma da ƙarya.
Matar Fotifar ta ƙulla sharri, ya sha ɗauri da wuya,
Mai shayarwar sarki ya fita, ya juya masa baya.
Yana da 30 aka damƙa masa rumbunan Masar gaba ɗaya.
Da yunwa ta koro yayyen, sai ya ƙi yin ramuwar gayya,
Ya ce sun nufi mugunta, Allah ya mai da ita alheri ga duniya.

Manomi daga Saminaka:

Mama, ki yi mini aikin gafara, ban zo da gardama ba,
Baitinku da daɗi, amma bai taɓa inda ke mini ciwo ba.
Na ci bashin taki na zuba wa masara, ban rage ba,
Tana fara goyo ruwa ya ɗauke, hadari bai sake haɗuwa ba.
Na yi azumi, na yi addu'a, zakkata ban taɓa ci ba,
Abin da na girbe ko mai taki bai biya ba.
Ku duba Ayyukan Manzanni 12, ba ni na rubuta ba:
Hirudus ya kulle Bitrus, mala'ika bai bar shi a sarƙa ba,
Yakubu ɗan'uwan Yohanna kuwa, takobi bai tsallake shi ba.
Shi ina nasa ragon? Ko Allah bai gan shi ba?

Mai bishara daga Zonkwa:

Ƙanena, Luka marubucin littafin bai faɗi dalili ba, ya rubuta ya wuce,
Inda Littafi ya yi shiru, ni ma bakina a rufe.
Amma ɗauko 1 Sarakuna 17 ka karanta a natse:
Hankaki na kai wa Iliya gurasa da nama safe da maraice,
Yana shan rafin Kerit, ran nan rafin ya ƙafe.
Annabi ne fa! Kuma Allah ne ya ce ya zauna can a ɓoye.
Sai aka tura shi Zarefat, gun wadda mijinta ya mace,
Ya same ta a ƙofar gari tana tsintar itace,
Gari tafin hannu, mai ɗan kaɗan a tulu, komai ya ƙare,
Za ta toya, ita da ɗanta su ci, su jira mutuwa a kwance.
A tukunyar nan Allah ya ajiye abincinsu har yunwa ta shuɗe.
Kai fa, ka faɗa wa dattawan ikilisiyarku, ko kunya ta sa ka noƙe?

Mama ta Zumuntar Mata, Kafanchan:
Ɗana manomi, wannan naka ne.

Shekarar da na binne mijina,
Rumbu ba ko zangarniya, ga yara a gabana.
Ban ga hankaki ba, matan zumunta na gani a gidana,
Wata mudun dawa, wata wake, wata ta biya makarantar autana,
Wadda ta fi su rashi ta kawo gishiri da daddawa har ɗakina.
Mijin bai dawo ba, har gobe ina kukana,
Amma yunwa ba ta kwana da mu ba, na gani da idona.

Manomi daga Saminaka:

Na ji, Mama, kuma ban raina ba.
Malam, gaskiyarka, ko Fasto ban faɗa wa ba,
Mai ba da buhu a baikon kaka, roƙo bai saba ba.
Maganar Yakubu tana nan a raina, ban sauke ta ba.
Habakkuk 3 ya ce ko ɓaure bai yi toho ba,
Ko gonaki ba su ba da abinci ba, garke bai ga saniya ba,
Zai yi murna da Ubangiji. Ni dai ban kai nan ba.

Dattijo daga Wusasa:

Ɗana, ba yau ake kaiwa can ba, bi a sannu ba gaggautawa.
Ranar Lahadi bayan sujada ka sami Fasto ba ɓoyewa.
Ina da irin masara mai saurin nuna da na yi ajiyewa,
Da buhun dawa guda, na ɗaure bakinsa sai ɗorawa,
Faɗa mini tashar da direba zai yi saukewa.