Wane kwantirola da wace manhaja suka dace da injin CNC na katako haɗin gida?

Kafinta_Mabera

Assalamu alaikum malamai da injiniyoyi. Shawara nake nema kan injin sassaƙa katako na CNC, wato mai aiki da umarnin kwamfuta, da muke haɗawa a shago nan Mabera. Firam ɗin ƙarfe ne na walda, filin aikinsa milimita 1200 tsawo, 800 faɗi. Sukuru mai boris SFU1605 muka sa ko'ina: biyu a layin Y, kowane gefe da motonsa, ɗaya a X, ɗaya a Z. Moto huɗu ne NEMA 23 masu amfiya 3. Sipindil, wato moton da ke juya bakin yanka, kilowat 2.2 ne mai sanyaya da ruwa, da VFD ɗinsa na Huanyang, na'urar da ke sarrafa gudunsa. Aikin da zai yi ƙofofin MDF ne, allunan shaguna, da rubutun Larabci a kan katako.

Ƙwaƙwalwar injin ce ta rage. Akwai Arduino Uno da CNC Shield V3 a hannu. Wani ya ce in ajiye su in sayi jan allon nan na USB mai aiki da manhajar Mach3, wani kuma ya ce in ba manhajar LinuxCNC ba duk wasan yara ne. Halin wuta kun san shi, rabin aiki a janareta za a yi. Wanne zan kama, kuma da wace manhaja zan riƙa zane?

Injiniya_Arkilla

Wa alaikumus salam, Malam Kafinta. Kafin a zaɓi allo a fara yin lissafi, shi zai kore maka rabin zaɓin.

Motonka yana taku 200 a juyi guda. In ka raba kowane taku gida 8 a direba, wato na'urar da ke ba moto wuta tana juya shi, ya zama 1600. Sukurunka yana tafiyar milimita 5 a juyi, ke nan taku 320 a kowace milimita. GRBL, manhajar da ake loda wa Uno, yana fitar da bugu kusan 30,000 a daƙiƙa, iyakarsa ke nan. Raba 30,000 da 320, ka ninka da 60: wajen milimita 5600 a minti. In ka raba takun gida 16, kamar yadda mutane ke yi don suna ganin ya fi kyau, gudun ya faɗo 2800, kuma wannan bai isa MDF ba. Bakin yanka mai milimita 6 da haƙori biyu, a juyi 18,000, yana son tafiya wajen 3600 a minti don kowane haƙori ya ciri milimita 0.1. Ƙasa da haka sosai goga katakon yake yi, ya ƙona gefen aikin, ya dakushe da wuri. Don haka raba gida 8 ka tsaya nan.

Wuce 5000 ma ba zai amfane ka ba. Sukuru mai kauri 16 da ya kai milimita 1300 yana fara lilo in ya kusa juyi 1000 a minti, ballantana in ya zo da ɗan lanƙwasa daga hanya. Ta fuskar gudu dai Uno bai gaza ba. Inda ya gaza wasu wurare ne.

Ƙananan direbobin da ake dasawa a kan Shield, A4988 da DRV8825, ba za su ja amfiya 3 ba. Wajen amfiya 2 ne ƙarshensu, shi ma da fanka a kai, kuma a zafin watan Afrilu na Sakkwato za su riƙa kashe kansu a tsakiyar aiki. Sayi DM542 ko DM556 guda huɗu. TB6600 ya fi araha, amma araha ba ta ado: da yawa daga waɗanda ke kasuwa ba ma wannan cif ɗin ne a cikinsu ba, suna da ƙara, kuma moto ya fi zafi a kansu. Wutar direbobi bolt 36 ko 48, amfiya 10. In 48 ce, juya ɗan sukurun da ke jikin akwatin wutar ka sauko da ita 45, domin bolt 50 ne iyakar DM556, kuma moto yana mayar da wuta baya idan yana tsayawa. Kowane direba a ja masa wayarsa daga akwatin wuta, kar a yi tsalle daga wannan zuwa wancan. Makunni na huɗu, SW4, bar shi a kashe don wuta ta ragu rabi in moto na tsaye. Kuma kar a kuskura a zare wayar moto alhali direba na da wuta, nan take yake mutuwa.

Babbar matsalar ita ce moto biyu a Y. Shield yana kwafe sigina ɗaya ne ya ba su duka. In gefe ɗaya ya tsallake taku, gadar da ke ɗauke da sipindil ta karkace, injin bai sani ba, duk ƙofar da ka yanka daga nan kusurwarta ba za ta tsaya daidai ba. Abin da kake buƙata allo ne da zai kai kowane moto ga makunnin iyakarsa daban lokacin komawa gida, wato mafarin da injin ke auna komai daga shi, ya miƙe gadar da kansa. GRBL 1.1h yana iya wannan, amma sai an gyara fayil ɗin config.h an sake loda shi, kuma filolin Uno sun riga sun ƙare. Ni shawarata ka hau allo mai bit 32: grblHAL a kan Teensy 4.1 ko STM32, ko FluidNC a kan ESP32. Umarninsu na gidan GRBL ne, kyauta ne, suna da layi huɗu zuwa sama, kuma suna magana da VFD ɗinka ta RS485. Ka duba kawai allon yana fitar da sigina bolt 5. ESP32 tsurarsa 3.3 yake bayarwa, ƙofar DM556 kuwa wani lokaci ta ji wani lokaci ba ta ji ba, sai an sa 74HCT245 a tsakani.

Uno ɗin kar ka yar. Gwada motoci da shi a kan tebur. In ka sa makunnin Z bai amsa ba, ba lalacewa ya yi ba: daga GRBL 0.9 an mayar da iyakar Z fil 12, fil 11 ya koma na gudun sipindil, rubutun da ke jikin Shield V3 kuwa na tsohon tsari ne.

Mai_Waya_RunjinSambo

Lissafin Injiniya daidai ne, amma ranka shi daɗe ka bar abin da ya fi kashe aiki a garin nan, wato USB. VFD mai kilowat 2.2 yana watsa hayaniyar lantarki ko'ina. Ka haɗa da tiyon zuƙar ƙura na roba a lokacin hunturu, iska ta bushe ƙayau, garin MDF na gudu a ciki yana tara caji har ya yi tartsatsi. Wayar USB ba ta jure wannan. Alamarsa, aiki na tafiya sai injin ya tsaya cak, sipindil na juyawa, manhaja ta ce ta rasa tashar COM. Wannan ya shafi Uno, ya shafi jan allon Mach3.

Game da Mach3 ɗin, an daɗe da daina sabunta shi. Ta tashar firinta mai fil 25 sai da Windows mai bit 32, kuma wayar da ke juya USB zuwa tashar firinta ba ta aiki da shi ko kaɗan. Mach3 na gwaji yana tsayawa a layin umarni 500, rubutun Larabci guda ɗaya ya wuce haka nesa. Wanda ke zuwa a faifai tare da jan allo yawanci ba mai lasisi ba ne, kuma yawancin allunan nan ba sa kai moto biyu gida daban-daban, ka ga an dawo kan matsalar gada. In tsarin Mach3 ɗin kake so, UC300ETH ko AXBB-E na CNCdrive da manhajarsu UCCNC sun fi, ta wayar Ethernet suke, lasisin yana ɗaure da lambar allon.

Ni da za a bi tawa, shagon da ƙura ke tashi kullum kuma yara ke kama aiki, a cire kwamfuta daga wurin gaba ɗaya. Kwantirola mai zaman kansa irin DDCS V3.1 ko na hannu RichAuto, wanda ake gani a manyan injinan Sin, filash kawai ake soka masa. Yana riƙe inda aiki ya tsaya in wuta ta ɗauke. Sai dai ka tambayi mai sayarwa a rubuce ko samfurin yana miƙe gada da makunni biyu, don ba duka ba ne. FluidNC ma yana ba ka kusan wannan: ka tura fayil daga waya ta WiFi zuwa katin SD, aikin ya gudana daga katin, ko WiFi ta yanke ba ruwansa. Akwatin ƙarfe yana toshe WiFi, a nemi allo mai eriya ta waje.

Ko wanne aka ɗauka, waya ce gaba. Ta sipindil mai jijiya huɗu da rigar ƙarfe, rigar a ɗaure ta da jikin akwati ta gefen VFD. Ɗauki mita ka auna fil na huɗu na sipindil da jikinsa, da yawa suna zuwa ba a haɗa shi ba, sai an buɗe hular an haɗa. Kar a sa makunni ko rile tsakanin VFD da sipindil. Wayoyin sigina su bi hanya daban da na wuta, in dole su haɗu su gitta juna. Duk wayoyin ƙasa su taru a ƙusa guda a akwati, daga nan zuwa sandar tagulla a ƙasa. Ƙasarmu rairayi ce busasshe, sanda ɗaya gajera ba ta wadatar ba a rani, a kafa ta inda danshi yake. Janaretan ma a haɗa jikinsa da ita, kuma kar ya gaza kVA 5 in injin zuƙar ƙura na kai.

Malamin_Kwaleji

Ba na ganin LinuxCNC ya fi ƙarfin wannan injin, abin da yake ci lokaci ne. Tsohuwar kwamfutar tebur ta Dell ko HP ta isa, ban da laftof, saboda tsarin tattalin batirinta yana jinkirta bugu. A ɗora tsarin Debian da masu LinuxCNC suke bayarwa, a kunna gwajin jinkiri a bar shi awanni ana buɗe abubuwa. In lambar ta tsaya ƙasa da mikrosakan 20 madalla, 30 zuwa 50 za a lallaɓa, ta haura 100 kuwa a manta da tashar firinta. Da katin Mesa 7i96S wannan damuwar ta ragu ƙwarai, katin ke yin bugun da kansa, Ethernet ne, yana ɗaukar moto biyar. LinuxCNC yana da umarnin G41 da G42 masu lissafin kaurin baki, da zagayen huda irin G81, da canjin baki na M6 cikakke. Mai niyyar yanka alminiyam nan gaba ko ƙara layi na juyawa don ƙafafun kujera, nan ya dosa. Don ƙofofi da alluna kaɗai, zaɓin Injiniya ya wadatar, kuma samun katin Mesa daga Amurka ba ƙaramin aiki ba ne.

Tambayarka ta biyu, ƙanena, ba a taɓa ta ba. Manhajar zane daban, mai fitar da G-code, wato umarnin da injin ke bi, daban, mai tura shi ga injin daban, ko da yake wasu suna haɗa biyun farko. Aikin ƙofa da rubutu VCarve na Vectric ya fi zama a hannu, da baki mai siffar V digiri 60 ko 90. ArtCAM da ake yawo da shi a filash Autodesk ta dakatar da shi tun 2018, Carveco ne magajinsa. Na kyauta akwai F-Engrave don rubutu da FreeCAD don sassa. Fusion 360 yana neman intanet lokaci zuwa lokaci, kuma lasisinsa na kyauta ba na kasuwanci ba ne. Rubutun Larabci kar ka buga shi kai tsaye a manhajar sassaƙa, wasunsu suna raba haruffa ko su juya su ta hagu. Rubuta a Inkscape, mayar da shi layukan zane, haɗe inda haruffa suka hau juna su zama jiki ɗaya, sannan ka fitar da SVG ko DXF. In ba a haɗe su ba, bakin zai tona rami a kowace mahaɗar harafi.

Wajen fitar da fayil zaɓi na Grbl mai milimita. Kuskure mai lamba 20 yana nufin an aiko umarnin da allon bai sani ba, yawanci M6 ne daga fayil ɗin Mach3. Lamba 33 kuwa layi ne mai lanƙwasa da lissafinsa bai cika ba, a ƙara lambobin bayan ɗigo zuwa huɗu. Na turawa, ioSender ko gSender ga grblHAL, FluidNC yana da shafinsa a burauza.

Kafinta_Mabera

Allah shi saka da alheri. Na karkata ga FluidNC da DM556 huɗu. Saura makunnan iyaka: wane iri, guda nawa? Kuma in NEPA ta ɗauke a tsakiyar ƙofa, allon MDF ɗin ya tafi ke nan?

Injiniya_Arkilla

Huɗu ne dole: X, Z, da biyu a Y. Na ƙarfe masu danna harshe garin MDF yana cusa su. Ɗauki na kusanci LJ12A3-4-Z/AX, wanda yake a rufe kullum, ka ba shi bolt 24, ya shiga allo ta optokofla, ɗan cif mai raba wutar makunni da ta allo. Amfanin na rufe shi ne in waya ta tsinke injin ya tsaya, maimakon ya je ya daki ƙarshe. Na Y guda ɗaya ka yi masa mazauni mai tsaga don ya matsa gaba ko baya. Miƙe gada kuwa da awo ake yi: sa injin ya huda ƙananan ramuka huɗu a kusurwoyin murabba'i mai 700 da 700, auna gicciye biyun. In sun bambanta, matsa makunnin kaɗan, mayar da injin gida, sake hudawa har su zo ɗaya. A fayil ɗin saitin FluidNC, wato YAML, saka taku 320 a X, Y da Z, faɗin bugu mikrosakan 4 zuwa 5, jinkirin juya alkibla 5 ko sama, domin DM556 ba ya ganin bugun da ya gaza 2.5. Gudu fara da milimita 3000 a minti da hanzari 200, ka riƙa ƙarawa har moto ya yi kuka ya tsaya, sannan ka sauko da kashi 30 cikin ɗari.

Allon MDF ɗin bai tafi ba in injin yana komawa gida. Sifilin aiki na G54 yana zaune a ƙwaƙwalwar allo, ana auna shi ne daga makunnan. Wuta ta dawo, ka ɗaga Z, ka mayar da injin gida, sifilinka na nan muddin ba a kwance katakon ba. FluidNC daga katin SD ba ya tuna layin da ya tsaya, don haka ka raba aiki fayil-fayil: share fili daban, sassaƙa daban, yanke gefe daban, sai ka maimaita wanda ya katse kaɗai. Ƙaramin UPS a kan allo da na'urar WiFi yana da amfani, amma in direbobi suka rasa wuta allon kuma yana raye, zai ci gaba da ƙirga taku moto na tsaye. Sa rile mai koyil 220 a layin NEPA, ka haɗa bakinsa da shigar dakatarwa ta allon, yadda wuta na ɗaukewa aikin zai tsaya a layin da yake. A VFD kuma ka tabbata PD003, PD004 da PD005 duk suna 400 kafin ka fara kunna sipindil, don da yawa suna zuwa a kan 50, kuma a haka koyil ɗinsa ke ƙonewa.