PUT da DELETE sun ƙi wucewa a urllib, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Damagaram nake, ina haɗa wa shagon yayana da ke Zango manhajar lissafin kaya da Python 3.11. Kwamfutar shagon ba a yarda a saka mata komai ba, don haka urllib.request, wanda ke zuwa tare da Python don tura buƙata ta intanet, kawai nake da shi, babu laburaren requests.

GET yana tafiya lafiya lau. Amma da na sa method="PUT" cikin Request don gyara farashin buhun gero, sai HTTPError 307 ya fito, wato saba tana cewa in tura buƙatar zuwa wani sabon adireshi. DELETE ma haka. Na lura urllib yana bin sabon adireshi in GET ne, ga PUT kuwa tsayawa yake cak.

Kwana uku ke nan ina kai, yaya kuma ranar Alhamis yake son fara aiki da ita. In ɗauko Location (sabon adireshin da ke cikin amsar saba) da kaina in sake turawa, ko in gyara HTTPRedirectHandler, sashen urllib da ke bin sabon adireshi? Don Allah wanda ya sani ya nuna mini.