Sojan Indiya da ya je Olamfik a tseren kwale-kwale bayan shekara huɗu da farawa: yaya aka yi?

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maganar Dattu Bhokanal ce ta ɗaure mini kai. An ce bai taɓa riƙe filafili ba sai da ya shiga soja a 2012, amma a 2016 ga shi a Olamfik na Rio. Shin wasan ne ba shi da wuya, ko akwai abin da sojojin Indiya suke yi? Kuma in matashi nan Ankara, Ghana, yana son gwada kansa, ta ina zai fara? Masana a taimaka.

Malam Koci, Aboabo:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wasan yana da wuya ƙwarai, tsarin da ke bayan mutumin ne ya rage masa hanya. Rundunar sojan Indiya tana da cibiyar tuƙi a Pune, cikin kwalejin injiniyoyin soja, da mashigin ruwa da aka haƙa don tsere. Ana duba sababbin kurata, a ware dogaye masu dogon hannu da ƙafa, a ɗora su kan injin gwaji, wanda ake kwaikwayon tuƙi a kansa a tudu. Wanda ya nuna ƙarfi, tuƙi ya zama aikinsa: albashi na shiga, abinci da likita da koci suna nan, atisaye safe da yamma. Bhokanal ɗan wani ƙauye ne a gundumar Nashik ta jihar Maharashtra, an haife shi a 1991, tsayinsa kusan mita 1.9. Irin jikin da ake nema ke nan.

Ga yadda ya hau. A 2015 ya ci azurfa a gasar zakarun Asiya a Beijin, a jirgin mutum ɗaya. A 2016 ya samu gurbin Rio a gasar share fage ta yankin Asiya da Oshiyaniya a Chungju, Koriya ta Kudu. A riƙe wannan da kyau, domin gurbin nahiya ne, ba a haɗa shi da Turawa ba a wannan matakin. A Rio ya ƙare na 13. Sai 2018, a wasannin Asiya na Indonesiya, shi da Sawarn Singh da Om Prakash da Sukhmeet Singh suka ci zinare a jirgin mutum huɗu.

Na 13 ɗin ma yana buƙatar bayani. Layi shida ne a filin tsere, nisa mita 2,000. Don haka wasan ƙarshe kashi-kashi ne: rukunin A na ɗaya zuwa na shida, B na bakwai zuwa 12, C kuma 13 zuwa 18. Shi ya lashe rukunin C da minti 6:54.96. Mahe Drysdale na New Zealand ya ɗauki zinare da 6:41.34. Daƙiƙa 13 a kunne kamar ba komai, amma jirgin yana cin kusan mita biyar a daƙiƙa, wato tazarar mita 60 da ɗoriya, tsawon jirgi kusan takwas. Sai dai iska tana sauya lokaci daga tsere zuwa tsere, shi ya sa masu wasan suka fi kallon matsayi.

Baban Sadiya, Madina Zango:
Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Zan ƙara cewa ba shi ne farau ba, kuma ba shi ne ƙarau ba. Bajrang Lal Takhar, shi ma soja, ya ci zinare a jirgin mutum ɗaya a wasannin Asiya na Guangzhou a 2010. Sawarn Singh ya je Landan 2012 ya zo na 16. Arjun Lal Jat da Arvind Singh sun zo na 11 a Tokyo a jirgin mutum biyu na marasa nauyi. Balraj Panwar ya zo na 23 a Paris 2024. Duk sojoji ne. Ka ga tsarin yana kai mutum Olamfik a kai a kai, amma har yanzu bai kai kowa rukunin A ba.

Mutane kan ce makarar farawa ce ta hana su kai rukunin A. Ni ban yarda da hakan ɗungurungum ba. Oliver Zeidler na Jamus, wanda ya ci zinare a Paris, sai a 2016 ya koma tuƙi, a 2019 ya zama zakaran duniya. Bambancin shi ne tun yana yaro ɗan wasan ninƙaya ne, huhu da zuciya sun riga sun ginu, ga tsayi fiye da mita biyu. Kurtun da ya fara atisayen juriya yana ɗan shekara 20 yana biyan bashin shekara goma ne.

Lissafin injin ma yana nuna inda gizo ke saƙar. Ƙarfin da ake buƙata ba ya tafiya kai da kai da gudu, yana ninkuwa ne. Mita 2,000 a minti 7:00 wat 302 ne (wat ma'aunin ƙarfi ne). A 6:20, wat 408. A 6:00 daidai, wat 480. Sauko da minti bakwai zuwa 6:20 dogon saurayi mai himma zai iya cikin 'yan shekaru, amma daƙiƙa 20 ɗin da suka rage su ne ke cinye rayuwar ɗan wasa.

Wata ƙofa kuma ta rufe musu. Ajin marasa nauyi, inda matsakaicin nauyin maza biyu ba ya wuce kilo 70 kuma ba wanda zai haura 72.5, ya fita daga Olamfik bayan Paris. Nan ne 'yan Asiya suka fi samun sarari.

Ɗan Nima:
Na gode Baba, na gode Malam. To batun farawa fa? Teku dai ga shi nan a Jamestown.

Malam Koci, Aboabo:
Kada a kai siririn jirgin tsere teku. Na mutum ɗaya tsawonsa kusan mita takwas, nauyinsa kilo 14 kacal, faɗinsa bai wuce mazaunin mutum ba. Igiyar ruwa ɗaya ta isa ta kife shi. Ruwa kwantacce yake so, irin tafkin Bosomtwe kusa da mu nan Kumasi ko sassan Volta. A Volta kuma a kula da tsargiya, kada a riƙa tsayawa cikin ruwan gaɓa babu dalili. Kuma wanda bai iya iyo ba kada ya hau, ko da rigar ceto.

A fara a tudu. A nemi gidan motsa jiki mai injin Concept2, wato injin tuƙi na tudu mai fanka. Madannin gefen fanka yana da lamba 1 zuwa 10, a sa shi tsakanin 3 da 5. Samari suna son kai shi 10 don nuna ƙarfi, abin da ke biyo baya ciwon ƙugu ne. Jerin bugun: ƙafa ta tura, baya ya buɗe, hannu ya ƙarasa. Dawowa kuma hannu, baya, sannan gwiwa ta lanƙwashe. Fiye da rabin ƙarfin daga cinya yake fitowa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ja da hannu tun ƙafa ba ta miƙe ba, ko ɗuwawu ya gudu baya ya bar kafaɗa a gaba, sai nauyin duka ya sauka a gadon baya. Na biyu, rugowa gaba da sauri. A jirgi na gaske wannan yana taka wa jirgin birki, domin nauyin mutum ya ninka na jirgin sau biyar ko shida.

Yawancin atisaye a hankali ake yinsa: bugu 18 zuwa 20 a minti, na minti 40 zuwa 60, a gudun da za ka iya magana. Gwajin mita 2,000 sau ɗaya a wata shida ko takwas na farko ya wadatar bayan hannu ya faɗa. A raba shi huɗu, mita 500 kowanne, a riƙe gudu ɗaya. Mai fita da wuta a 500 na farko, a na uku ƙafarsa za ta zama dutse. Kanta za ta fito a tafin hannu, a wanke a rufe, kada a fasa da allura. Ciwo mai tsini a haƙarƙari lokacin numfashi ko tari kuwa, a dakata a ga likita, domin tsagewar ƙashin haƙarƙari sananniyar cuta ce ga matuƙa idan aka ƙara nauyin atisaye farat ɗaya.

Yaya Fati, Fadama:
Ƙanena, kada ka cire teku daga lissafi gaba ɗaya. A Olamfik na Los Angeles 2028 an shigar da tseren bakin teku a madadin ajin marasa nauyi. Jirginsa faffaɗa ne, an ƙera shi don igiyar ruwa. Ɗan wasa zai sheƙa a guje kan yashi, ya faɗa jirgi, ya tuƙa mita 250 yana kewaye alamomi, ya juyo, ya sauka ya sake gudu zuwa layin ƙarshe, duka cikin 'yan mintoci. Ba a buƙatar haƙa mashigin mita 2,000 irin na Pune. Abin da ake buƙata jirgi biyu ko uku, koci, da yaran da suka san karatun igiyar ruwa, kuma daga Chorkor zuwa Teshie akwai su. Sai dai tuƙin masunta gaba ake fuskanta da filafili ɗaya, wannan kuwa baya kake bai wa inda za ka, da filafili biyu a kan kujera mai zamewa, don haka sai an sake koya musu daga ƙafa.